Zauren Amsa Tambayoyi: Preston Sturges, marubucin barkwancin da ya sayar da labarinsa a kan dala 10

A fitowar da ta gabata, cikin bayanin da na yi a kan yadda ake rubuta fim, na ambaci sunan Preston Sturges a taƙaice. Na ce marubucin fina-finan barkwanci ne na Amurka wanda ya sayar da wani labarinsa a kan dala 10, ya shahara ƙwarai a shekarun 1940, sannan ya rasu da bashi a kansa. Wannan 'yar magana ta jawo wasiƙu daga Garwa, Marwa, Injamena da Ngawundare, don haka zauren wannan karo nasa ne gaba ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne a Garwa. Ni da abokaina muna shirya gajerun wasannin barkwanci da wayar hannu muna sakawa a Facebook da TikTok, kuma ni ne nake tsara labarin. Wane ne wannan Preston Sturges, kuma me zai sa mutum mai hankali ya sayar da guminsa a kan dala 10?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. An haife shi a birnin Shikago ranar 29 ga Agusta, 1898, kuma sunan da aka raɗa masa shi ne Edmund Preston Biden. Auren iyayensa bai yi ƙarko ba, sai mahaifiyarsa Mary ta auri wani attajiri mai hada-hadar hannun jari, Solomon Sturges, wanda ya riƙe yaron ya kuma ba shi sunansa kamar yadda dokar ƙasarsu ta yarda. Mahaifiyar mace ce mai son tafiye-tafiye da harkar fasaha, aminiyar shahararriyar 'yar rawa Isadora Duncan ce, saboda haka yaron ya tashi yana kai da komo tsakanin Amurka da Turai, ya yi karatu a makarantu daban-daban, ya kuma iya Faransanci sosai. Da ya girma ya yi aiki a shagon kayan kwalliya na mahaifiyarsa, ya shiga soja a 1917 amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare bai je fagen fama ba, daga baya ya gwada ƙirƙire-ƙirƙire iri-iri waɗanda ba su kawo masa arziki ba. Sai da ya kusa shekara 30 sannan ya kama alƙalami da gaske, abin da ya kamata ya kwantar da hankalin duk wanda yake ganin lokaci ya wuce masa.

Da wasan kwaikwayo na dandamali ya fara. Wasansa na biyu, mai suna Strictly Dishonorable, an fara nuna shi a Niyu Yok a watan Satumba na 1929, ya kuma shafe fiye da shekara ana yinsa. Wasannin da suka biyo baya ba su karɓu ba, kuɗin da ya samu suka ƙare, sai ya tattara ya koma Holiwud a 1932.

Domin ka fahimci cinikin dala 10, sai ka fara sanin halin da marubuci yake ciki a Holiwud a wancan zamani. Manyan kamfanoni kamar Paramount da Fox da MGM su ne suka mallaki komai, tun daga ɗakunan ɗaukar hoto har zuwa gidajen sinima da yawa, kuma marubuta ma'aikatan albashi ne da ake biya mako-mako. Labari ɗaya yakan ratsa hannun mutum uku ko huɗu, wannan ya ƙara, wancan ya rage, furodusa ya sa baki, sannan darakta ya zo ya canza abin da ya ga dama a wurin ɗauka. Marubuci a nan kamar masaƙi ne da ya ɓata watanni yana saƙa zane, sannan aka miƙa wa wani ya yanka yadda yake so, shi kuwa ko tambayarsa ba a yi ba. Sturges bai yarda da wannan tsari ba tun farko. A 1933 ya zauna shi kaɗai ya rubuta The Power and the Glory, labarin tashi da faɗuwar wani attajirin layin dogo, ya sayar wa kamfanin Fox a kan dala 17,500 da wani kaso na abin da fim ɗin zai kawo, aka kuma ɗauke shi kusan kamar yadda ya rubuta. Wannan ya ba shi suna, amma bai ba shi iko ba. Ya ci gaba da rubuta wa wasu daraktoci labarai a tsawon shekarun 1930, yana karɓar albashi mai tsoka, yana kuma kallon yadda ake datse maganganun da ya fi ji da su. Fina-finai biyu da ya rubuta wa Paramount, Easy Living na 1937 da Remember the Night na 1940, darakta Mitchell Leisen ne ya ba da umarninsu, kuma duk da sun yi kyau, marubucin bai gamsu da zama a gefe ba.

Daga nan ne cinikin ya fito. Yana da wani tsohon labari a ajiye game da siyasar maguɗi, sai ya ce wa shugabannin Paramount su ɗauke shi a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, da sharaɗin shi da kansa zai ba da umarni. Aka rubuta dala 10 a takardar yarjejeniya. Kamfani ya ga riba, domin ya sami labarin babban marubuci kusan kyauta, kuma kasafin fim ɗin ƙarami ne, ko da an faɗi asarar ba za ta yi yawa ba. Shi kuwa Sturges abin da ya saya da wannan rangwame shi ne kujerar darakta, wato ikon tabbatar da cewa abin da ya rubuta shi ne abin da 'yan kallo za su ji. Fim ɗin, The Great McGinty, ya fito a 1940, ya yi kasuwa, ya kuma ba shi lambar yabo ta Oscar ta labarin da marubuci ya ƙirƙira da kansa, kuma shi ne mutum na farko da ya karɓi wannan rukuni na lambar. Tsakanin 1940 da 1944 fina-finai 8 da ya rubuta ya kuma ba da umarninsu suka fito daga Paramount. Ƙofar da ya buɗe wasu marubuta suka bi ta: John Huston ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko a 1941, Billy Wilder kuma ya fara nasa a Holiwud a 1942.

Tunda kai ne mai tsara labari a cikin abokanka, akwai abubuwa biyu daga yadda yake aiki da nake so ka riƙe. Ba ya jira sai an zo gaban kyamara sannan ya tsara maganganun 'yan wasa. Yakan yi ta zagaya ɗaki yana faɗin maganar kowane ɗan wasa da muryarsa, sakatare yana rubutawa, har sai kowace jimla ta zauna. Abin da mai kallo yake ɗauka raha ce ta faɗo daga sama, an daɗe ana sassaƙa ta a takarda. Na biyu, yana da ayarin 'yan wasa da yake dawowa da su fim bayan fim, kamar William Demarest da Franklin Pangborn da Jimmy Conlin, ya san muryar kowa da irin fuskar da yake yi in ya fusata, saboda haka da yake rubutu yana jin bakin da zai faɗi maganar. Kai ma kana da wannan dama, domin abokanka ka san su ciki da bai. Na ga gajerun wasanni da dama na samarinmu inda dabarar farko take da kyau, amma bayan minti ɗaya sai ihu da guje-guje su maye gurbin labari, saboda ba wanda ya zauna ya rubuta inda za a dosa. Ka rubuta, ku yi gwaji, ku kuma daidaita tun kafin ɗauka a kan wanda maganarsa ce ta ƙarshe.

Tambaya: Malam, ni malamar makarantar firamare ce a Marwa. Ɗana ya nace sai ya zama marubucin fina-finan ban dariya, ni kuwa ina ganin wannan shiririta ce. Shin akwai wani abin kirki da mutum kamar wannan Ba'amurke ya bari, ban da sa mutane ƙyalƙyala dariya?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri a kan kulawarki, kuma damuwarki tana da tushe, domin akwai barkwancin da ba ya wuce zagi da tsiraici da muzanta masu lalura, kuma ba zan kare irinsa ba. Amma ina roƙonki ki duba abin da wannan mutum ya riƙa rubutawa a kai. Labarin McGinty na wani maras aikin yi ne da aka yi wa alkawarin dala 2 in ya jefa ƙuri'ar bogi, sai ya zagaya rumfunan zaɓe ya jefa sau 37. Uban gidan 'yan siyasar garin ya ga ya sami yaro, ya yi ta ɗaga shi har ya zama magajin gari, daga baya gwamna. Duk tsawon lokacin da yake cuta yana hawa, ranar da matarsa ta sa ya yi niyyar yin gaskiya, ranar ce aka tona asirinsa ya faɗi. Mutane sun yi dariya, amma kowa ya fita daga sinima ya san an gaya masa yadda ake sayen ƙuri'a a ƙasarsa. Da jawabi aka yi a kan wannan batu, da yawansu ba za su zauna su saurara ba.

Haka kuma a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kusan kowane fim yake kirarin sojoji, ya fitar da Hail the Conquering Hero. Labarin wani saurayi ne da aka sallama daga soja bayan wata ɗaya saboda ciwon atishawa, kunya ta hana shi komawa gida, ya riƙa sa mahaifiyarsa ta ɗauka yana fagen yaƙi. Wasu sojoji 6 suka tausaya masa, suka sa masa kaki da lambobi suka raka shi gida, gari ya fito da kaɗe-kaɗe, har aka ce sai ya zama magajin gari. Ƙarshenta ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi gaskiya. Abin da fim ɗin yake nunawa shi ne yadda jama'a suke gaggawar ƙera gwarzo ba tare da bincike ba, kuma a ganina faɗin haka a wancan lokaci yana buƙatar ƙarfin hali.

Shi kansa Sturges ya yi wa kansa irin tambayarki, ya kuma amsa ta da fim guda, Sullivan's Travels na 1941. Wani daraktan fina-finan ban dariya ne ya ji kunyar sana'arsa, ya ce zai yi fim mai nauyi a kan talauci, sai ya sa tsummoki ya shiga cikin talakawa don ya ɗanɗana wahalarsu. Al'amura suka rikice har ya tsinci kansa a cikin fursunoni masu aikin ƙarfi da sarƙa a ƙafa. Wata rana da dare aka kai su wata majami'ar baƙaƙen fata matalauta, waɗanda suka karɓe su da mutunci, aka nuna musu fim ɗin zane na ban dariya. Ya duba ya ga mutanen da aka raba da komai suna dariya har da hawaye, sai shi ma ya kama. Wannan wuri yana taɓa ni ƙwarai, ba don yana cewa dariya tana maganin talauci ba, domin fursunonin sun koma kurkukunsu da sarƙoƙinsu, sai don yana nuna cewa sauƙaƙa wa mai wahala na ɗan lokaci aiki ne da bai kamata a raina ba. Mu ma mun san haka a al'adarmu, tun daga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi har zuwa wasan da ke tsakanin taubasai, kuma duk wanda ya ga yadda mutane daga Kano har Marwa suka yi jimamin rasuwar Rabilu Musa Ibro a watan Disamba na 2014 ya san matsayin mai sa dariya a zukatan talakawa.

Ba zan ɓoye miki ba, wasu labaransa sun ginu a kan al'adun aure da saki da shaye-shaye na Amurkawa waɗanda ba namu ba ne, kuma ko a can sai da ya yi ta fama da ofishin tace fina-finai na Joseph Breen, wanda tun 1934 yake duba kowane labari kafin a ɗauka. Shawarata ita ce kada ki kashe wa yaron gwiwa, amma ki ɗora masa sharaɗi: ya gama karatunsa, ya yawaita karatun littattafai da Hausa da Faransanci, ya kuma riƙa nuna miki abin da ya rubuta. Malamar makaranta ta fi kowa iya bambance rahar da take da ma'ana da wadda take cin mutunci.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Injamena. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutumin da ya kai wannan matsayi zai mutu da bashi. Ina kuɗin suka tafi?

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, tambayar ɗan kasuwa ka yi, kuma amsarta tana da fuska biyu, ta aiki da ta aljihu. Ta fuskar aiki, rigima ta shiga tsakaninsa da shugaban sashen shirya fina-finai na Paramount, Buddy DeSylva, a kan wanda yake da ikon yanke hukuncin ƙarshe wajen tace fim. Ya yi wani fim mai suna The Great Moment a kan William Morton, likitan haƙorin da ya yaɗa amfani da maganin gusar da jin zafi a wurin tiyata, kamfani ya ga ya yi nauyi, ya sake yanka shi ba da son ransa ba, da ya fito a 1944 bai karɓu ba. Sturges ya nemi a ba shi cikakken iko, aka hana, sai ya bar kamfanin, daga baya kuma labaransa biyu da suka fito a 1944 suka shiga takarar Oscar a rukuni ɗaya.

Ya haɗa gwiwa da attajirin nan Howard Hughes suka kafa kamfanin California Pictures, yana tsammanin ya sami 'yanci, ashe ya koma hannun mutumin da ya fi tsohon kamfaninsa son sa baki. Fim ɗin da suka yi da tsohon ɗan wasan barkwanci Harold Lloyd ya fito a 1947, Hughes ya janye shi, ya sake yanka shi, ya canza masa suna ya fitar a 1950. Bayan rabuwarsa da Hughes ya koma Fox da albashin da ya sa shi cikin waɗanda suka fi kowa albashi a Amurka, ya yi fina-finai biyu a 1948 da 1949, dukkansu ba su mayar da kuɗi yadda aka so ba, kuma Holiwud ba ta da haƙuri da wanda ya faɗi sau biyu a jere. A fahimtata, da ya bar Paramount ya rabu da abin da bai lura yana dogara da shi ba, wato ma'aikatan da suka saba da saurinsa, da tsarin da yake tilasta masa gama aiki a kan lokaci da kuma cikin kasafi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma fim ya fi yawancin sana'o'i tabbatar da haka.

Ta fuskar aljihu kuwa, ya buɗe wani babban gidan cin abinci mai suna The Players a titin Sunset a Holiwud, wanda ya yi shekaru yana cin kuɗi maimakon ya kawo, yana kuma da wani kamfanin ƙera injina da yake ciyarwa daga albashinsa na fim. Ya yi aure sau 4, hannunsa a sake yake, ga bashin haraji na gwamnati da ya taru ya yi masa katutu. Muddin albashi yana shigowa ba a ganin ramin, da ya tsaya sai komai ya fito fili. Ya koma Faransa, ya yi fim ɗinsa na ƙarshe a can a 1955. Ya rasu sakamakon bugun zuciya ranar 6 ga Agusta, 1959, a otal ɗin Algonquin da ke Niyu Yok, yana da shekara 60, yana tsakiyar rubuta tarihin rayuwarsa. Matarsa ta ƙarshe, Sandy, ita ce ta tattara rubuce-rubucen ta fitar da su littafi a 1990.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a jami'ar Ngawundare, Faransanci nake ji, Ingilishina kaɗan ne. Tunda ya yi fim a Faransa, ko da shi zan fara?

Amsa: Ɗana, ba zan ba ka shawarar fara da shi ba. Sunansa Les Carnets du Major Thompson, an ɗauko shi ne daga littafin Pierre Daninos, ba labarin da Sturges ya ƙirƙira ba ne, kuma ya yi shi a lokacin da ƙarfinsa ya ragu. In ka sami dama, ka nemi The Lady Eve na 1941, wanda Barbara Stanwyck da Henry Fonda suka fito a ciki, ko labarin daraktan da ya shiga cikin talakawa da na ba Malama a sama. Ka fi neman wanda aka bar muryoyin 'yan wasan aka rubuta fassarar Faransanci a ƙasa, domin rabin gwanintarsa tana cikin saurin musayar magana da yadda murya take hawa kan murya, kuma wannan yana raguwa in aka sauya muryoyin. Ka kalla sau ɗaya don labarin, sannan ka sake kallon wuri guda da takarda a hannu, kana rubuta abin da kowane mutum yake nema daga ɗan'uwansa a wannan wuri da kuma abin da ya hana shi samu. In kuma kana son ganin marubuci mai ba da umarnin labarinsa da kansa a nan kusa da mu, ka duba aikin Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeshe a Chadi, wanda ya karɓi kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a 2010. Yawancin fina-finansa ba na barkwanci ba ne, amma da Faransanci da Larabcin Chadi ake magana a cikinsu, saboda haka za ka iya bin yadda aka gina kowace tattaunawa ba tare da dogaro da fassara daga Ingilishi ba.